Karan da Muka Bari a Tsaye

A ƙauyenmu, kan hanyar da ta tashi daga Gaya ta nufi Ajingi, kowa ya san yadda ake girbin dawa: a kwantar da ita tukuna, a bi ta ana yanke zangarniya, sannan a tattara karan a ɗaure a kai gida. Gonar Baba ce kaɗai ba a yi mata haka. Mu sai dai mu tanƙwaro kowane kara, mu yanke kan, mu sake shi ya koma ya tsaya. Aiki ne mai cin rai. Wuya ya ƙage, ƙaiƙayi ya zubo maka ta cikin riga, ga maƙwabta sun gama nasu suna yi maka sannu mai haɗe da dariya. Ina yaro na tsani wannan girbin, kuma ban ɓoye ba.

Dalilin Baba guda ne. Karan da ke tsaye gara ba ta saurin cinye shi, ganyensa ba ya ruɓewa a ƙasa, yana iya jiran mai shi. Mai shi kuwa wani Buzu ne daga can bayan Damagaram, dogon mutum mai baƙin rawani, wanda Baba ya ce mu riƙa ce masa Baffa. Duk shekara idan kaka ta wuce sai ya gangaro da raƙumansa da tumakinsa masu dogayen ƙafafu, ya ratsa ta Ajingi, ya sauka a tsakiyar gonarmu. Dabbobin su ci kara da ragowar harawa, su bar mana taki. Inna ta riƙa aika tuwo safe da yamma, shi kuma ya aiko mata da kanwa da cuku da dabino. Ban taɓa jin an yi ciniki ba. Tun kafin a haife ni suke haka, wai farkon abin raƙuminsa ne ya yi wa Baba ɓarna, Baba ya je da niyyar faɗa ya dawo da aboki.

Abin da na fi tunawa shi ne shayinsu. Baffa yana da finjali biyu da yake naɗewa a wani tsumma cikin jakar fata. Ɗaya bakinsa ya ɗan ɓantare, wannan shi ne na Baba, ba mai shan komai a ciki sai shi. Da la'asar ta yi sanyi za su zauna gindin gawo, Baffa yana fifita gawayi. Baba ya kurɓi zubin farko ya yamutsa fuska.

"Wannan ai magani ne, ba shayi ba."

"Bakano ke nan," in ji Baffa. "Ku dai a ba ku koko."

Shekara da shekaru zancen ke nan, kuma duk shekara sai sun yi dariya kamar ranar suka fara jin sa.

Na girma na zama malamin makaranta a cikin Gaya, ina komawa gida ƙarshen mako. Yayana shi ya riƙe noma tare da Baba. Ana nan sai damina ta zo da labarin da ya hana kowa sukuni: sojoji sun karɓi mulki a Nijar, ƙungiyar nan ta ƙasashen Afirka ta Yamma ta ce ba ta yarda ba, an rufe iyaka, an yanke musu wuta, har ana maganar kai yaƙi. A teburin mai shayi na bakin tasha kowa ya zama masani. Wannan ya ce gobe za a shiga, wancan ya ce ƙarya ne, wani ya ce ƙanwarsa tana aure a Maraɗi, da wa za a yi yaƙin? Direbobi suna ba da labarin manyan motoci jere a bakin iyaka, albasa tana ruɓewa a cikinsu. Ni kam haushi ya ishe ni. Mutanen da ba su taɓa kwana da yunwa ba suna zaune a ɗakuna masu sanyi suna nuna wa juna yatsa, kowa ya ƙi sassautawa, mu da ke ƙasa muna ta rarraba ido.

Baba bai cika sa baki ba. Rediyonsa dai ba ta barin kunnensa, har gona yake rataya ta a reshe. In an gama labarai sai ya tambaye ni, tunda ni ne ɗan boko.

"To, malam, sun shirya?"

"Ba su shirya ba, Baba. An ce za a sake zama."

"Zama dai, zama dai."

Da kaka ta zo muka yi girbi yadda muka saba. A shekarar abincin dabbobi ya yi tsada ƙwarai, masu kiwo suna bi gona gona suna neman kara, takin zamani kuma ya fi ƙarfin talaka. Yaya ya sami Baba a zaure, ya durƙusa.

"Baba, mutumin nan fa bana ba zai zo ba. Hanya a rufe take. A bari mu sare mu sayar, mu rage wani abin."

"Ka taɓa sayar da abin da ba naka ba?"

"Gonarmu ce, Baba."

"Gonar taku ce. Karan nasa ne."

Yaya ya tashi yana ƙunƙuni. Ni a raina na san yana da gaskiya.

Baffa ba ya riƙe waya. Akwai lambar wani ɗansa da muke samu in an yi sa'a, sai ya hau tudu kafin a ji shi. Sau ɗaya muka same su a lokacin. Na riƙe wa Baba wayar a kunne yana ta ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke hayin kogi. Baffa ya ce matasa suna ratsawa ta daji, amma shi ba zai jefa dabbobinsa ba, ana ƙwacewa, kuma ba wanda ya san ranar da harbi zai tashi. Ya ce a jira, da an buɗe yana tafe. Baba ya ce, "Kara yana nan." Daga wannan ranar lambar ba ta sake shiga ba.

Sanyi bai gama wucewa ba sai ga wani sabon labari. Muna ofishin malamai wani abokin aikina ya miƙo min wayarsa: Nijar da wasu maƙwabtanta biyu sun ce sun fice daga ƙungiyar gaba ɗaya. Nan take gari ya ɗauka. Wasu suka ce daga yanzu sai da fasfo da biza, wasu suka ce za a kori 'yan Nijar da ke kasuwanninmu, wasu suka ce barazana ce kawai, za a lallashe su. Ba wanda ya san gaskiya, har waɗanda ke magana a rediyon. Da na je gida na yi ƙoƙarin yi wa Baba bayani, ya saurare ni har na gama.

"Sun fita, ka ce?"

"Sun fita, Baba."

"Ƙasar za su ɗauka su kai wani wuri?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Da yamma na hango shi a gona shi kaɗai, yana bi yana tayar da karan da iska ta kayar.

Cikin azumi aka buɗe iyaka. Mutane suka yi ta murna, amma lokacin makiyaya ya riga ya wuce, a irin wannan lokacin ma shirin komawa arewa suke yi. Karan ya bushe ya yi fari, gara ta gama da gindinsa. Da sharar gona ta zo dole muka tara shi muka cinna masa wuta. Baba yana tsaye da sandarsa har wutar ta cinye shi. A hanyar gida ya ce, "Baɗi in Allah ya kai mu." Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, na rasa wanda zan huce a kansa.

Allah bai kai shi ba. Dawa tana kai gwiwa zazzaɓi ya kwantar da shi, muka kai shi asibiti a Gaya, muka dawo da shi, kwana kaɗan ya cika. Ana gobe zai rasu ya kama hannun Yaya ya ce kada a kwantar da dawar bana. Yaya ya ce to. Bayan an yi sadakar bakwai na yi ta neman hanyar aika wa Baffa. Na je har kasuwar Maigatari ina tambayar masu raƙuma, amma sai na gane duk tsawon shekarun nan ban san sunan rugarsa ba. Mu dai mun san yana zuwa, ba mu taɓa tambayar daga ina ba.

Da kaka ta zagayo Yaya ya fara 'yan kame-kame, wai ga tsada, wai ga ba tabbas. Inna ta ɗago kai daga tsintar wake ta dube shi.

"Da bakinka ka ce masa to."

Shi ke nan. Muka tanƙwaro, muka yanke, muka saki. Gonakin da ke kewaye duk aka share su fes, tamu kaɗai ta rage a tsaye, ana hango ta tun daga kan titi. A rediyo kuwa har lokacin ana ta ja-in-ja, wai an tura masu sulhu, wai wa'adi ya kusa cika, wai ƙofa a buɗe take, su kuma can suna cewa ba gudu ba ja da baya.

Wata Asabar da hantsi ina zaune a ƙofar gida tare da Yaya sai ga ɗan acaɓa ya tsaya. Wani tsoho ya sauko da ƙyar, rawani baƙi, jakar fata a kafaɗa. Ya rame har na so in kasa gane shi. Ba raƙumi, ba tunkiya. Amma fuskarsa cike take da fara'a, ya sauke rawanin daga bakinsa yana dariya tun kafin ya ƙaraso.

"Salamu alaikum! Ina Bakanon? Ku ce ya hito!"

Muka amsa sallama, muka durƙusa. Bai ba mu damar magana ba.

"Wallahi tun daga Ajingi gabana ke faɗuwa. Na ce shekara guda cur ba labari, ko mutumin nan yana raye? Na kasa tambayar kowa. Sai da muka kawo kwana na hango kara a tsaye, na ce wa yaron nan tsaya! Na sauka na taɓa shi da hannuna. Na ce alhamdu lillahi, shina nan lahiya lau, shina jirana."

Yaya ya miƙe ya shige gida da sauri, na ji kukansa tun daga zaure. Aka bar ni. Ban san da wace kalma na fara ba. Na dai ji bakina yana cewa, "Baffa, sai haƙuri. Tun damina."

Baffa ya ja rawanin ya rufe fuskarsa duka, ya zauna a ƙasa a inda yake tsaye. Na taɓa ganin mutuwa, na binne mahaifina da hannuna, amma ban taɓa jin zuciyata ta karye irin ta wannan hantsin ba. Mun bar karan ne don mu cika wa mamaci alkawari, ba mu san albishir ɗin ƙarya zai yi wa mai rai ba.

Bayan azahar na raka shi maƙabarta ya yi addu'a, daga nan ya ce in kai shi gona. Muka zauna gindin gawo. A nan ya gaya min yadda aka yi. Shekarar da aka rufe hanya ciyawa ta ƙare musu da wuri, dusar da ake kawowa daga nan ta daina zuwa, dabbobi suka fara faɗuwa. Ya sayar da wasu a wulaƙance, ruwan damina mai yawa ya tafi da sauran. Ɗan nasa mai waya ya tafi neman aiki wata ƙasa. Ya dubi karan da ya kewaye mu.

"Ga abinci, ba bakin ci."

Ya kwance jakarsa, ya hura gawayi, ya ɗora buta. Da shayin ya nuna ya warware tsumman, hannunsa ya jera finjali biyu kafin ya tuna. Ya tsaya yana kallon mai ɓantararren bakin. Can ya cika shi ya miƙo min. Na kurɓa, ɗaci ya sa na yamutsa fuska ban sani ba. Ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, sai ya juya ya ci gaba da fifita gawayi.

Kwana biyu ya yi mana. Da zai tafi Inna ta haɗa masa dawa da kuka da daddawa, ya karɓa ya yi godiya ta bayan labule. Na raka shi bakin titi. Na ce baɗi ma ya zo, ko ba dabba gidansa ne. Ya girgiza kai, ya ce ƙafa ta gaji, kuma ana cewa nan gaba sai da takardu, shi bai san inda ake samun su ba. Ya ciro finjalin Baba ya danƙa min.

"Ka ce wa yayanka ya sare karan. Na yahe."

Daga baya ficewar ta tabbata, aka ce dai a ci gaba da shige da fice kafin a ga abin da hali zai yi. Baffa bai dawo ba, ba mu kuma sake jin ɗuriyarsa ba.

Bana mun kwantar da dawarmu kamar kowa. Kafin la'asar mun gama abin da a da yake cin mana kwanaki, wuyana ko ciwo bai yi ba. Yaya ya ɗaure damin ƙarshe, ya tsaya yana kallon gonar da ta zama fili, ba abin da ya rage sai gawo.

"Yanzu in ya biyo ta titi," ya ce, "zai san babu kowa."