Bulo a Ƙarƙashin Motar Manaja

Har yau ban taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, wajen tsakiyar shekarun tamanin, ina makaniki a garejin wata masaƙa a Sharada. Ni dai kun san ni, daga gida sai wajen aiki, boko kuwa aji uku na yi na gudu. Amma Allah ya ba ni kunne. In ƙarfe ya yi kuka, ina ji.

Babbanmu a gareji shi ne foman, Malam Bala mutumin Kumbotso, wanda ya shekara ashirin yana kwanciya ƙarƙashin manyan motoci. Shi ke raba aiki, in ya ce a yi, an yi.

Da hantsi direban manaja ya kawo motar maigidansa, 'yar Jamus, birkin baya na ƙara, salansa ta saki. Ramin da muke shiga kuwa akwai gingimari a kansa, an cire mata tayoyi, ƙarafan tokare masu ƙafa uku duk suna ƙarƙashinta.

Malam Bala ya tura jak can ciki. Motocin da muka saba da su, ƙarfe ɗaya ne mai kauri ya haɗa tayoyin baya, nan ake ɗagawa. Wannan kuwa da na leƙa, kowace taya hannuwa biyar ne suka riƙe ta, sirara kamar ƙafar balbela. Yana fara bugawa na ji ɗaya ya yi ƙara.

Na ce, "Malam, ku dakata, hannun nan zai lanƙwashe."

Ya ce, "Audu, yaushe ka je Jamus ban sani ba?"

Aka yi dariya. Na nuna masa wata roba mai kauri a gefen motar, gaban tayar baya, inda masu ita suka tanada don jak. Ya shafa, ya yi tsaki, ya mayar da jak ɗin wurin. Na sa waji a tayoyin gaba don kada ta gangara, muka ɗaga, muka cire taya.

Saura tokara, don ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Ya ce a kawo bulo biyu, aka jera, ya sauke motar a kai, ya janye jak zai kai ɗaya gefen daga baya. Ni bulon siminti ban yarda da shi ba. Katako kafin ya karye sai ya yi kuka, bulo kuwa ba ya sallama. Na tura tayar da muka cire ƙarƙashin gefen motar, na kwantar.

Ya shimfiɗa kwali, sifana a hannu, har ya zauna zai zura kai. Na riƙe masa hannun riga. Gaban kowa fa, ga direba na duban agogo. Na san in ba abin da ya faru, sai dai in koma wankin inji.

"Malam, don Allah ku bari in girgiza ta tukuna."

"Girgizawa? Mangwaro ce?"

Na dafa ta da hannu biyu na tura. Shiru. Na sake. A na uku na ji ƙas, bulon sama ya dare gida biyu, motar ta zauna daram a kan tayar nan, daidai inda ƙirjinsa zai kasance.

Direba ya yi salati. Malam Bala ya daɗe zaune kan kwalin, sannan ya ce a ba shi ruwa. Da ya sha, ya dube ni ya ce, "Audu, 'ya'yana bakwai." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Kafin azahar ya sa mai walda ya haɗa ƙarafan tokare, ya sa aka kwashe duk wani bulo daga garejin. Muka gama aikin da la'asar, manaja bai ji labari ba.

Abin da na koya, ku da kuke tasowa: mota in ta canza, hannu ma ya canza, kuma a girgiza ta kafin a ba ta ƙirji. Makanikai ba su iya godiya da baki ba. Amma daga ranar har ya bar aiki, Malam Bala bai ƙara shiga ƙarƙashin mota ba sai ya ɗaga murya ya ce, "Ina Audu? Zo ka girgiza."