Karen Gogo Thulisile Yana Neman Gida

Ku matso ku zauna, ku ji labarin Gogo Thulisile, tsohuwar tela a Durban. Jibi za ta koma gidan tsofaffi, inda ba a yarda da kare. Shi kuwa nata karen, Bhubesi mai bajajjen hanci, da rana ta yi zafi sai numfashi ya gagare shi, kullum sai an ɗiga masa maganin ido.

Maƙwabcinta Sibonelo kaɗai ya zo neman karen.

"Gogo, ba ni shi! Kullum mu yi gudu a bakin teku, ya rage tumbin nan."

"Ɗana, gudu ɗaya ka kashe mini shi!"

Ya yi dariya, ya ce zai kula. Ta damƙe igiyar karen. Da ku ne, za ku miƙa masa?