Zazzaɓin Riga Bakwai

Tun kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: a wannan labari ni ne wawan. Na so in ɗora wa na'ura laifi, na so in ɗora wa zafin garin, amma Hajiya tana nan da ranta, kuma jikokinmu suna karanta mata duk abin da na rubuta.

Wata uku muka zo yi Kuala Lumpur, ni da ita. 'Yarmu ce ta haihu, Hajiya za ta kula da ita, ni kuma aka haɗa da ni don kada a bar ni a gida ina cin garau-garau. Ba mu gama warware kaya ba annoba ta sauka, aka rufe ƙasa. Wata ukun nan sai da ya kusa zama shekara biyu. Muna hawa na goma sha huɗu a wani dogon bene a Pantai Dalam, muna leƙen jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a ciki. Ni dai nakan sa takunkumi in sauka shagon mamak, Indiyawan nan Musulmi masu sayar da abinci, in yi tapau ɗin shayi, wato a ƙulla mini a leda in hau da shi. Hajiya kuwa daga kicin sai ɗaki, daga ɗaki sai baranda wajen shanya. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, sai dai ta rage dariya.

Mijin 'yar tamu malami ne a babbar jami'ar da ke kusa da mu. Dakta nake ce masa, shi kuma ba ya haɗa ido da ni. Da aka fara sassauta tafiye-tafiye, kowa ya yi rigakafi, sai aka gayyace shi taro a kudancin Sifen, a wani gari da ke gindin dutse. Ya zo ya durƙusa ya ce yana so mu tafi gaba ɗaya, bayan taro mu hau dutsen mu yi kwana uku, wurin da Turawa suke zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ya nuna mana hoto a waya.

Hajiya ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ashe da gaske fara ce haka? Ni dai in damƙe ta a hannuna, ko da sau ɗaya ne."

Shekara arba'in da wani abu muna tare, ban taɓa jin ta roƙi ganin wani wuri ba, in ka cire Makka.

Sharaɗin tafiya biyu ne: kowa ya yi gwaji ya fito lafiya, kuma kada na'ura ta kama mutum da zazzaɓi a filin jirgi. In aka kama ɗaya, duka gidan an kama, tunda kwano ɗaya muke ci. 'Yata ta kafa doka, kwana goma ba mai fita. Har shayina na mamak aka soke. Na bi doka, gwaji ya fito fes, kowa ya yi hamdala.

To, ni karatuna a aji huɗu na elementare ya tsaya, amma na yi shekara tara ina tuƙa babbar mota zuwa Jos, saboda haka na naɗa kaina masanin sanyi na gidan. Dakta ya kai mu wajen 'yan gwanjo, na zaɓi kaya da idon gwani. Sai kuma wani tunani ya zo mini, irin na manya. Na ji an ce mutanen can naman alade suke ratayewa a ƙofar shago kamar yadda muke rataye tsire. Me za mu ci? Na aika wa wata matar ɗalibi a Taman Melati da ke sayar da kayan gida, ta aiko mini da garin tuwo, kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, yaji, da gero na kunu. Na shirya su a akwatina ba wanda ya sani. Da na ɗora a sikeli, kilo ya cika cif, ga kayan sanyi a kan gado suna kallona.

Ban daɗe ina tunani ba. Kamfanin jirgi akwati yake aunawa, ba ya auna fasinja.

Ranar tafiya da hantsi na fito daga ɗaki da kyar ina wuce ƙofa. Singileti, doguwar rigar ciki mai kama jiki, kaftani, suwaita biyu, ƙatuwar kwat mai auduga, sannan na rufe da babbar riga don mutunci. Wando uku. Safa biyu. Hular ulu a ƙarƙashin zanna.

'Yata ta ce, "Baba, mene ne haka?"

Na ce, "Shiri. Sanyi ba ya sallama."

"Baba, nan Malesiya ce. Ko tsuntsu gumi yake yi."

Na ce mata mota da sanyi, filin jirgi da sanyi, jirgi da sanyi, ina zafin zai same ni? Hajiya ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗauki jikarta ta yi gaba. Dakta ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba."

Motar da ta zo ɗaukarmu, na'urar sanyinta ta gaji da duniya. Tafiyar kusan awa guda ce. Kafin mu fita gari na ji ruwa yana bin bayana, kafin mu isa ya taru a safa. Ga takunkumi a hanci. Na daure, don masani ba ya kuka a gaban ɗalibansa.

A ƙofar shiga akwai na'ura mai allo, kowa ya wuce sai ta nuna shi kore. Hajiya kore. 'Yata da jikarmu kore. Dakta kore. Ina sa ƙafa sai ta yi ƙara, na ga wani ƙaton abu ja wur a allo kamar garwashi, ashe ni ne.

Wata ma'aikaciya 'yar ƙasar mai ɗankwali ta taso da ƙaramar bindigar nan ta auna goshi. Ta ɗana mini, ta duba, ta ja da baya taku biyu. Ta kira ni pak cik, wato kawu, cikin ladabi, ta yi wa Dakta bayani da Turanci. Ya juyo murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, ta ce jikinka ya yi zafi da yawa. Za su ba mu minti goma sha biyar su sake aunawa. In bai sauka ba, ba mai tafiya a cikinmu."

Na waiwaya wajen Hajiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Zama ta yi a kan akwatinta, ta rungume jakar hannu, tana kallon ƙasa. A cikin jakar akwai safar hannu ja da ta saya, wadda takan fito da ita kullum ta gwada ta mayar. Wallahi a lokacin na ji zazzaɓin gaske yana neman kama ni.

Aka kai ni wani ɗan ɗaki na gefe, aka ce mutum ɗaya ya bi ni don fassara. Wa zai bi ni in ba Dakta ba? Ma'aikaciyar ta nuna kayana ta ce a cire.

Jama'a, ni Bahaushe ne. Surukina ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba sai da annoba ta haɗa mu gida ɗaya, shi ma ɗin a baranda nake ci. Yau ga ni zan tuɓe a gabansa. Shi ma ya rasa inda zai sa kansa. Sai ya juya mini baya, ya fuskanci bango kamar mai jin karatu, ya miƙo hannu ta baya. Ina cirewa ina ɗora masa. Babbar riga. Kwat. Suwaita. Wata suwaitar.

"Baba, an gama?"

"Da saura."

Kaftani. Wando na ɗaya, wando na biyu.

"Baba, an gama?"

"Dakta, ka yi haƙuri, ka daina tambaya."

Na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka nauyin kaya ne, ashe dariya yake haɗiyewa. Da ɗaya hannun ya kama takardun jirginmu yana yi mini fifita ta baya, bai ga inda nake ba, rabin iskar bango take samu. Ma'aikaciyar ta kawo ruwan sanyi gora biyu, ta leƙo ta ga tulin kaya, ta fita da sauri. Ina jin ta a waje tana ba abokan aikinta labari.

Na zauna daga ni sai rigar ciki da wando ɗaya, ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Da lokaci ya cika ta dawo ta ɗana bindiga. Ta duba, ta sake ɗanawa. Sannan ta ce, "Boleh, pak cik." Wannan kalma ko ni na san ta: an yarda.

Da na fito, Hajiya ta miƙe ta kama akwatinta. Kayan sanyin kuwa rabawa aka yi, kowa ya rungumi nasa kaso har cikin jirgi, Dakta da digirinsa uku yana ɗauke da wandunana.

Garin da muka sauka kuwa, kowane lungu da shagon Larabawa masu abincin halal, kuma masaukinmu ko murhu babu. Yadda garin tuwo ya je Sifen haka ya dawo, ya dai ga duniya.

Amma dutsen! Aka sa mu a wani akwatin gilashi mai rataye a waya, ya yi sama da mu, ina riƙe da ƙarfe ina salati. Da ƙofa ta buɗe sai fari ko'ina, har ido ba ya iya kallo, ga rana tana haskawa amma ba ta da zafi ko kaɗan. Sanyin Jos ashe wasan yara ne. Hajiya ta taka a hankali, ƙafarta ta nutse. Ta cire safar hannun da ta yi wata guda tana tanadi, ta durƙusa ta damƙi ƙanƙarar da tafinta tsirara. Ta kai hanci ta shinshina. Ta ɗan lasa. Sai ta fashe da dariya, irin wadda rabona da ji tun muna gidan haya, ta dunƙula ta jefi 'yarta a baya. Kafin azahar matar nan ta hau wani ɗan kwale-kwalen roba ta gangaro tudun yara sau biyar, hijabi yana tashi, tana kiran a sake.

Ni ma ban yarda a bar ni a baya ba. Aka ɗaura mini takalma masu nauyin bulo, da katako biyu dogaye, aka ba ni sanda biyu. Wani saurayi mai koyarwa ya ce in haɗa kan katakon kamar bakin tsuntsu in ina son tsayawa. Na ce masa ta bakin Dakta, wanda ya sauko da tirela daga Jos ba a koya masa birki. Na tafi kamar taku goma da mutunci. Daga nan ƙafar dama ta nufi gabas, ta hagu ta nufi yamma, na zauna daɓas, na ƙarasa gangaren da mazaunai, na tsaya daidai ƙafafun Hajiya.

Tana tsaye kumatunta sun yi ja, tana haki don murna. Na ga dama ta samu da zan gyara sunana. Na gyara hula, daga zaunen na ce, "Hajiya, ki faɗi gaskiya tsakaninki da Allah. In ba don ni ba, da kin ga wannan wuri?"

Ta dube ni ta ce, "In ba don kai ba, Malam, da na gan shi hankalina kwance. Tashi, kana narkar wa mutane da ƙanƙara."