Birkin Baba Sanda Lafiya Lau Yake

Daga Allah muka fito, wurinSa muka nufa, Baba Sanda makanike kuwa ya riga mu isa. Ya rasu ranar Talata, 12 ga watan Yuni, 1956, bayan azahar, sa'ad da ya faɗi da babur a gangaren tashar jirgin ƙasa ta Agege. Shekararsa sittin da huɗu. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa.

Na so in rubuta wannan ta'aziyya cikin sanyin rai, Baba, kamar yadda aka saba. Na kasa. Tun ba a yi sadakar uku ba ake yawo da magana a Zango wai birkin da ka gyara ne ya ƙi ci. Ƙarya ce, kuma na san bakin da ta fito.

Shekara ashirin ka yi kana gyaran inji a Reluwe ta Ebute Meta, sa'an nan ka kafa garejinka a gindin mangwaro, bayan rumfunan goro. Tsofaffin ƙananan motocin da Turawa ke sayarwa in za su koma gida, 'yan Moris da 'yan Ostin, waɗanda fatakenmu ke saye don a ce su ma suna da mota, duk kai ke riƙe da ransu. Ka kafa sukundireba a jikin inji, ka kara kunne, ka faɗi ciwon tun ba a kwance ko noti ɗaya ba. In an nemi kayan gyara a Ikko an rasa, ka zauna da magagari ka fitar da shi daga guntun ƙarfe. Ranar da motar ungozoma Inno ta kafe cikin taɓo a Ogba, da ƙafa ka je, ana tsuga ruwa, ka dawo da ita tana tafiya. Ba zan ce ba ka da faɗa ba. Ni kaina ka taɓa jifana da sifana saboda na bar 'yar Ostin ɗina ta ƙone ruwa, ka ce, "Gambo, ka duba ruwa da baƙin mai kowace safiya kafin ka duba fuskarka a madubi." Har yau haka nake yi.

Kowa a Agege ya san ƙa'idarka. Ba ka miƙa wa mutum makullinsa sai ka tuƙa abin da ka gyara da kanka, ka gangara ta tasha, ka taka birki sau uku. Ko Sarkin Hausawa ne sai ya jira.

Da wannan ƙa'ida Alhaji Baballe dillalin shanu ya kama ka. Ya sayo tsohon babur, birki ya cinye, ya turo maka. Ka gaya masa gaskiya, ba ka iya hawa ba, abin da ba ka hau ba kuwa ba ka sallamarsa. Da mutumin kirki ne, sai ya kai wani wuri. Maimakon haka ya juya wurin masu zaman benci yana dariya, ya ce, "Ashe dai akwai ƙarfen da ya fi ƙarfin Sanda." Washegari sai ga ka a ƙofar gidana, domin ka san ni da babur na yi yaƙin duniya a ƙasar Bama, ina kai takardu. Ka ce in koya maka.

Mako uku muka yi a filin makaranta, kullum bayan la'asar. Dattawa masu furfura suka riƙa zuwa kallo da goronsu, in ka faɗi su tafa hannu. Na san su ɗaya bayan ɗaya, kuma na gan su a sahun gaba ranar jana'iza suna share ido. Kai ko kallonsu ba ka yi, sai ka kakkaɓe riga ka sake hawa. Abu guda ya ƙi zama maka. A mota ƙafar dama ke taka birki. A irin wannan babur birki na hagu, dama giya ce. Shekara talatin ƙafarka ta dama na tsayar da mota, ba ta yarda ta bar aikinta cikin mako uku ba. Na ce maka saura mako biyu kafin ka hau titi, ka ce ka ji.

Ranar Talatar nan ina wurin aiki a Ikko. Ruwa ya ɗauke ke nan Baballe ya zo, wai yau yake son abinsa, zai je ɗaurin aure Oshodi, in ba haka ba ya kai wa wanda ya san aiki. Mu'azu, babban ɗanka da kuke gareji tare, ya roƙe shi ya bari in dawo. Ya ƙi. Kai kuma ba za ka ba da birkin da ba ka gwada ba. Ka hau, ka kama gangare, daidai lokacin da aka sauke shanu daga tarago aka koro su kan hanya. Kande mai tuwo tana rumfarta, ta ce ta ga ƙafarka ta dama tana ta dukan ƙarfe, ta hagu ko motsi ba ta yi ba. Ka kauce wa shanun, kwalbati ya tare ka.

Da hannuna na ɗauko babur ɗin. Ƙarfen giya ya lanƙwashe don tsananin taku. Birki kuwa, na ƙafa da na hannu, na gwada, suna kamawa gam.

Baballe ya san haka, don a gabansa na gwada. Amma ya fi masa sauƙi a ce tsufa ya taɓa hannun Sanda da a ce shi ya tunzura dattijo ya hau. Masu tafin nan suka ɗauki maganar suka yayata. Yanzu mota uku an janye daga garejin, Mu'azu na zaune da sifana a hannu ba abin kwancewa, ga iyali biyu a wuyansa. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai. Mutum ya mutu yana kare aikinsa, an bi shi kabari an ɓata aikin.

Ran Juma'ar da ta wuce Baballe ya zo masallaci a kan babur ɗin, ya tsaya cak a bakin ƙofa. Na tare shi a gaban jama'a na ce, "Alhaji, wa ya sake gyara maka birkin?" Sai ya sunkuya yana gyara takalmi. Babu wanda ya taɓa birkin nan tun da Baba Sanda ya ɗaure shi. Wanda ke shakka ya je ya duba, notin da ke jiki ma aikin magagarinsa ne.

Ni ma ina da nawa rabon. Da na ƙi koya maka, da ka yi fushi da ni wata guda, da yanzu kana nan kana zagina. Wannan zan kwana da shi har in tarar da kai.

Allah Ya gafarta maka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya sa gaskiyar da ka riƙe wa mutane a aikinka ta tsaya maka ranar hisabi. Inna Batulu, uwargidan marigayi, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya tsare miki zuri'a. Mu'azu, ka buɗe gareji gobe da safe, sunan mahaifinka ba shi da tabo. Kai kuwa Alhaji, ba zan yi maka baki ba. Duk sa'ad da ka taka birkin nan ka tsaya lafiya, ka ce Allah Ya jiƙan wanda ya tsayar da kai.

Gambo Shitu, Agege