Oga Bulus ya tafi, Alhaji bai sani ba

Da safen nan ina wanke-wanke 'yar Oga Bulus ta kira ni daga Mando. Babanta ya rasu. Innalillahi. 

Shi ne babban akawunmu a ma'aikata lokacin da aka ɗauke ni aikin tafireta, shekarun tamanin. Turancin makaranta na iya, amma na ofis? Wallahi kamar an jefa ni wata ƙasa.

Makona na farko Sakataren ma'aikata ya ce na wuce deadline, wato wa'adin gama aiki. Na shige bayan kabad ina kuka, na ɗauka kora ce. Oga Bulus ya same ni ya ce, "Ƙanwata, asalin kalmar nan layi ne a gidan fursunonin yaƙi a Amurka, wanda ya tsallake a harbe shi. Dubi Sakatare da kyau, kin ga bindiga?" Sai ga ni ina dariya da majina.

Haka yake. Ka tambaye shi red tape, wato jan ƙafar aikin ofis, sai ya ɗago jan zaren da ake ɗaure fayil ya ce ga mai laifin. KIV kuwa, wai ajiye a gaban ido, in ji shi "ladabin Bature ne na cewa ka manta."

Teburinsa na kusa da na Alhaji, maigidana. Shi ya yi ta tsokanarmu har aka ɗaura aure.

Ga abin da ya hana ni zama. Tun da Alhaji ya samu shanyewar ɓarin jiki, Oga Bulus ke kiransa a waya kullum bayan la'asar, su yi ta Turancinsu na fayil. A nan kaɗai nake jin dariyar Alhaji. Likita kuma ya ja mini kunne, kada a tayar masa da hankali.

Ranar Lahadi Oga Bulus ya biyo gidanmu daga coci. A bakin ƙofa ya ce, "Ki riƙe mini shi da kyau, ban gama ba shi query, takardar tuhumar ofis, ba."

Yanzu an yi azahar. Alhaji ya riga ya ce in sa masa waya a caji. Tsoro nake ji, ban san da wane baki zan fara ba.

Don Allah kada kowa ya kira shi. Ba ya shiga shafin nan, ku bar ni in faɗa masa da kaina.

Allah ya ba matar Oga Bulus, Maman Rahila, da yara haƙuri. Ku sa su a addu'a, ku roƙa wa Alhaji ƙarfin zuciya kafin la'asar.