Ranar da Buzu ya yi wa tsohon Indiya magana

Shekarun da nake kabu-kabu tsakanin Illela da Ƙonni, in rana ta take bayan Azahar sai mu jingine babura mu shige wani gidan kallo na zana a bayan tasha. Mai gidan abokina ne, kaset ɗinsa kuwa duk na kaboyi ne, tsofaffi, daga tsallaken iyaka ake kawo masa su da Faransanci. Shi ba Faransancin kirki yake ji ba. Sai ya rage muryar akwatin talabijin, ya ɗauki makirfo, ya riƙa sa wa kowa magana a baki da Hausa, mu kuma muna ta dariya.

Finafinan na araha ne ƙwarai. Dutse guda za a yi ta zagayawa da dawaki, mutumin da aka harbe ɗazu ka sake ganinsa da wata hula. Jajayen Indiya, wato 'yan asalin ƙasar kaboyin masu gashin tsuntsu a ka, rabinsu ma Turawa ne aka shafa wa ƙasa. Aikinsu ihu da faɗowa daga doki, kuma duk wanda ya faɗo sai mun tafa.

Akwai wani dattijo Buzu mai shayi a ƙofar gidan, wanda fari ya cinye wa raƙuma ya gangaro Illela. Yakan leƙo da butarsa ya tsaya a baya. Bai taɓa tafawa ba. Kullum tambayarsa guda ce, in an nuno masu gashin tsuntsun: "Su kuma mi sunka ce?"

"Ba su ce komi ba, Baba, kuwwa sukai," in ji abokina.

"An ƙone ma mutum tanti, kuma bai ce komi ba?"

Abin ya riƙa cin dattijon a rai, har samari suka fara tsokanarsa wai 'yan'uwansa ne. Ni dai tausayi yake ba ni, don na lura ba wasa yake ba.

Wata rana abokina ya ƙosa, ya miƙa masa makirfo. "To amshi, Baba, kai ka hwaɗa muna."

A lokacin sojoji sun cinna wa tantuna wuta, wani tsohon Indiya yana tsaye a gaban toka. Bakinsa ya ɗan motsa, aka wuce. Buzu kuwa bai tsaya ba. Da Hausarsa mai karyewa ya ce rijiyar nan kakansa ya gina ta. Ya lissafo raƙuma da kamanninsu, da wadda ta fara durƙushewa. Ya ce ya binne matarsa a hanya, ba ruwan wanka, da taimama aka sallace ta, kuma yau ko an kai shi ba zai gane wurin ba.

Fim yana ta tafiya, jarumi na harbi, ba wanda ya tafa.

Can aka sake nuno tsohon. Ya ƙi matsawa daga gaban tokar, wani soja ya ɗaga bindiga, ya faɗi. Muka juya muna jiran abin da Buzu zai ce. Ya dubi akwatin, sannan ya mayar wa abokina da makirfo.

"Nan ban san abin da aka cewa ba," ya ce. "Shi ya tsaya. Ni gudowa niy yi."