Ranar da Muntaka Ya Ɗaga Fartanya

Gardama ta farko da na ga Muntaka ya sha kaye a cikinta, ni na kayar da shi, da ludayi a hannuna. Shi ɗan Sabo ne, yayana. Ya zo hutu daga kwalejin horar da malamai ta birni da jaka cike da takardu, da gemun da gashinsa bai fi bakwai ba. Ranar Alhaji Nababa ya kira gayya a gonarsa, ni da wasu zawarawa muke tuƙa wa samari tuwo. Da aka zauna cin abinci sai ga Muntaka ya tsuguna a bakin akushi, yana loma yana wa'azi.

"Wannan ba gayya ba ce, danniya ce," in ji shi. "Mutum talatin ku nome wa mutum ɗaya gona, ya sallame ku da tuwo? Ku ajiye fartanya, 'yan'uwa!"

Na ce, "Kai Kwamared," don haka abokansa suke kiransa, mu kuwa da farko mun ɗauka sunan wata cuta ce, "fito da hannunka daga akushin danniyar tukuna, mu ji ka da kyau."

"Gwaggo Barira, batun ƙa'ida nake yi."

"Ƙa'idar garin nan ɗaya ce: in ka ci, ka ɗauki fartanya. Tun ɗazu nake kallon maƙogwaronka yana hawa yana sauka."

Samari suka kwashe da dariya, wani ya miƙa masa fartanya. Ya yi noma har la'asar cikin wandonsa na makaranta, ya dawo gida tafin hannunsa duk ya yi bororo, ni ce kuma na shafa masa man kaɗanya. Da na san inda maganar nan tawa za ta kai shi, da na bar shi ya cinye akushin ya ƙara da nawa.

Shi ne na farko a ƙauyenmu, can gabas da Minjibir, da ya kai wannan matsayi a boko. Yaya Sabo ba ranar kasuwar da ba ya gaya wa mutane ɗansa zai zama malami, har jakin gidan ya haddace zancen. Sai aka shiga shekarun nan na zamanin soja da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Mu da ba mu da aljihun sai muka tsuke ciki. Na ga matan da suke tankaɗe dusa sau biyu su tuƙa wa 'ya'yansu. A kwaleji ma aka rufe kicin, aka ce kowane ɗalibi ya ci da kansa, alhali yawancinsu 'ya'yan manoma ne irinmu.

Nan Muntaka ya tuna da gayyar nan da ya zaga. Ya bi ɗaki ɗaki ya ce kowa ya kawo abin da gidansu ke da shi, a haɗa tukunya ɗaya. Wani gero, wani kuka, ni nake aika musu daddawa. Akwai wani Tasi'u, ɗan wajen Bagwai, maraya, uwarsa ta aiko da buhun wakenta kaf, na shukar baɗi ma ba ta rage ba. Akwai Kamilu, ɗan birni, shi bai kawo komai ba sai zaƙin baki da babban kwano. Duk wanda ya ci sai ya zauna taro, sharaɗin ke nan. Taron ya tashi daga mutum ashirin ya kai ɗaruruwa. Suka rubuta wa hukumar makaranta takarda sau uku a buɗe kicin, ba amsa. Suka fito zanga-zanga da ganye a hannu. Aka kira masu bindiga. Wani ya cinna wa sito wuta, har yau ba a san ko wane ne ba. Tasi'u dai bai koma wurin uwarsa da ƙafarsa ba.

Aka rufe kwalejin, Muntaka ya dawo gida tsakiyar damina, ya aske gemun, ya sa tsummokaran noma.

Ranar da 'yan sandan ciki suka zo ana gayya a gonar Yaya Sabo. Mutum biyu ne a farar mota, da manyan riguna da baƙin tabarau. Suka yi sallama, na kawo musu ruwa da fura, don baƙo ko Iblis ne sai ya sha ruwa kafin a tambaye shi. Suka ce Muntaka suke nema. Yaya Sabo, mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ya ce yaron ya tafi wurin kawunsa. Suka tsaya a bakin gona suna kallo. Samari talatin a jere, kowa ya duƙa, kowa taɓo har gwiwa, ko ni da na yi wa Muntaka wanka yana jariri sai na duba sau biyu kafin in gane shi a cikinsu. Ba su san fuskarsa ba. Har sun juya za su tafi.

To akwai Dogo, mai kiɗa mana gangar noma. Kunnensa ya yi nauyi, bai ji abin da ake ciki ba, shi dai ya ga manyan riguna ya ce bari ya nuna musu garinmu ma yana da mazaje. Ya ja ganga ya kwarara murya: "Muntaka na Sabo! Ɗan boko mai hannun manomi! Wanda ya rufe kwaleji da baki!"

A wurinmu in makaɗi ya kira ka a gona, ɗaga fartanya kake yi ka yi ihu. Tun kana yaye kake ganin haka. Ba tunani ake yi ba, hannu ne yake tashi da kansa. Ina tsaye da ƙwarya na ga fartanya ɗaya ta tashi a tsakiyar jeren. Ya yi saurin sauke ta, amma an riga an gani. Mutum ya tsallake harsashi a birni, kirari ya kama shi a gonar ubansa. Dogo bai sake taɓa ganga ba har ya mutu, tana nan rataye a zaurensa gara ta cinye.

Wata bakwai ya yi a inda suka kai shi, ba kotu ba alƙali. Ya dawo haƙora biyu babu, kunnen hagu ba ya ji. Na ce masa to yanzu ya huta da rabin surutuna. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Sai kwalejin ta aiko da takarda. Za su mayar da shi, zango ɗaya ya rage masa ya karɓi shaidar malanta, amma sai ya sa hannu cewa marigayi Tasi'u ne ya yaudare su, shi ya cinna wutar. Kamilu tun makon farko ya sa nasa hannun. Yaya Sabo ya zaunar da ɗansa ya roƙe shi, uba yana roƙon ɗa, har da hawaye. Muntaka ya sunkuyar da kai, ya naɗe takardar ya mayar a ambulan. Daga ranar, shekara tara, ubansa bai sake yi masa wata magana ba sai ta gona: ina irin dawa, an ɗaure akuya?

Haka ya zama manomi mai Turanci. Ya auri Rahmatu, suka haifi biyar. Shi yake karanta wa gari wasiƙa, shi yake zuwa faɗan rabon taki ya dawo hannu wofi da murya a dishe. In miji ya mutu ya bar gona, shi yake bin gida gida ya tara gayya, amma ba ganga. Duk kaka yana ɗaure wake a bayan keke ya kai wa tsohuwar nan ta Bagwai, uwar Tasi'u. Malaman makarantar garinmu kuwa, waɗanda ya fi su sani nesa ba kusa ba, Malam suke ce masa in suna so ya gyara musu lissafi, in sun juya baya su ce ɗan taurin kai.

Da Yaya Sabo ya rasu, ranar uku sai ga Kamilu ya zo gaisuwa. Ya zama babba a wani ofishi mai labule da fanka, wuyansa ya yi ninki uku. Ina bayan zana ina jin komai, don Allah bai hana ni kunne ba. Bayan an shafa fatiha ya gyara zama.

"Kwamared, har yanzu ƙofa a buɗe take. Takardar nan tana hannuna. Ka sa hannu, kafin kaka ka karɓi shaidarka, in sa a ba ka aji."

Dattawa suka yi caa. Alhaji Nababa ya ce, "Muntaka, burin mahaifinka ke nan, da shi ya shiga kabari. Ka dubi 'ya'yanka."

Muntaka ya ce, "Juyo ta wannan kunnen, Alhaji, wancan an karɓe shi."

"Haba ɗan'uwa," in ji Kamilu. "Tasi'u ya rasu shekara tara. Me sa hannu zai rage masa? Ko uwarsa ba ta iya karatu ba. Yarinta ce muka yi, ta wuce."

Ni kaina, Allah ya gani, a zuciyata cewa nake Muntaka ya karɓa, na gaji da ganin ƙafarsa a faso. Ya dubi tafin hannunsa, sannan ya ɗago.

"Kamilu, waken uwar Tasi'u muka ci ni da kai wata huɗu, kai har ƙari kake nema. A garin nan in ka ci, fartanya kake ɗauka. Ni har yau ina nome nawa. Kai da ka wanke hannu ka tashi, ka tafi da takardarka, ka goge baki da ita."